Azumin da Na Yi Aron Kafet

Azumin bana da ruwa ya zo mana. Mu da muka saba Makka ta fara gasa mu tun hantsi, sai ga mu muna laluben mayafi mai kauri bayan sallar asuba. Ran uku ga wata aka tafka ruwa a unguwarmu Hindawiyya, lunguna suka cika, yara suka fita ba takalmi suna tsalle a ciki. Ni kuwa na ja gwiwoyina masu ciwo na hau saman bene in kwashe shanya. A can na tsaya gaban ƙaramin ɗakin kwanon da ke jikin tankin ruwa. Shekara huɗu ke nan ban buɗe ƙofarsa ba. Ruwa na dukan rufin, ƙamshin jiƙaƙƙen siminti na tashi, sai kawai na kife bokiti na zauna a kai na yi ta kuka, shanyar ta ƙarasa jiƙewa a cinyata.

Sunana Dije. A unguwar Jarwal aka haife ni, tun ba a rushe layinmu an dasa otal-otal ba. Kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, ya sauke farali ya ce shi kam ya iso gida. Muna da takardar ƙasa, Larabci kuma babu mai sayar da ni a cikinsa, amma in raina ya ɓaci da Hausa nake faɗa, kuma unguwa ta shaida raina ba ya wuyar ɓaci. Mijina ya rasu ya bar ni da ɗa guda, Abdallah. Da tallafin da gwamnati ke ba zawarawa da marayu na raine shi. A wancan zamanin abin ba wahala. Ki je wurin umda, wato mai unguwa, ki kawo mutum biyu da suka san halinki, a buga miki hatimi, shi ke nan. Umdanmu ya san wadda mijinta ya mutu, ya san wadda nata ya gudu, ya san wadda nata yana nan amma gara babu.

Sai aka sauya tsari. Yadda aka fahimtar da ni, yanzu ba mace ake dubawa ba, gida ake dubawa: wa da wa ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, wa ke ci da wa, me ke shigo wa kowa. Kuma komai ta waya. Ban ce babu alheri a ciki ba, na san gidajen da aka ƙara wa. Amma ni, tunda Abdallah ya samu aikin gadi a wani otal, sai aka ce gidana yana da mai ɗauka, aka tsayar da nawa a watan Rajab, shekara huɗu da suka wuce. Albashin gadi fa! In mai gida ya karɓi haya, an biya wuta, abin da ya rage ba ya kai mu tsakiyar wata. A haka muke, muna jiran azumi da buhun shinkafa rabi, Safiya ta buga mini ƙofa.

Safiya 'yar Marka ce, ƙawata tun muna 'yan mata muna sayar da hatsin tattabaru a hanyar Harami. Ba jini ya haɗa mu ba. Amma ranar da Marka za ta cika, hannuna ta riƙe ta ce, "Dije, ga Safiya nan." Ba ta ƙara wata magana ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Tsakiyar Sha'aban ne, da rana tsaka. Na buɗe na gan ta da takalmi a ƙafa ɗaya, leɓe a kumbure, 'yarta Amal a goye, babbar kuma, Rahma mai shekara shida, tana riƙe da bakin abayarta. Da ta miƙo hannun dama za ta gaishe ni sai na ga bayan hannun ya sale, jajir. Mijinta Mansur ne ya danna mata dutsen guga, wai ta ƙona masa farar rigar Juma'a.

"Hala," in ji ta, don haka yaran Makka ke kiran ƙawar uwa, "ba zan koma ba. Ko yanka ni za a yi."

"Ki koma ina? Uban wa zai mayar da ke? Shigo!"

Na zagi Mansur, na zagi wanda ya koya masa, har Ladi maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Yaya Dije, ana jin ki har bakin titi." Ladi 'yar Damagaram ce, da takardar zama take, ita ba ta taɓa ganin tallafin kowa ba balle a yanke mata. Ita ta ce a kai yarinyar asibiti. Na ce a'a. In an je asibiti za a tambaya, in an tambaya 'yan sanda za su shigo, gobe duk Hindawiyya ta ji. Na shafa mata zuma na ɗaure da tsumma mai tsabta. Ciwon ya warke kuwa, sai dai bai bar mana ko takarda guda ba.

Gidana ɗaki biyu ne, kuma Abdallah namiji ne baligi, ba muharraminta ba. Ita da kanta ta ce a ba ta ɗakin saman bene. Muka fitar da tarkace, muka shimfiɗa katifa a ƙasa, Ladi ta ba ta ƙaramin murhun gas da tukunya biyu. Ƙofarta daban, girkinta daban. Na yi faɗa a kan girkin, ta ce, "Hala, naku ma bai isa ba. Bari in koyi tsayuwa."

Ta riga ta yi shiri a ranta. Mansur ya rantse ba zai sake ta ba, zaman kotu kuma sai bayan Sallah. Amma an gaya mata cewa macen da ta baro miji saboda duka, in aka tabbatar tana zaune ita da 'ya'yanta, ba mai ɗaukar nauyinta, ana iya rubuta ta a matsayin gida mai zaman kansa ko da takardar saki ba ta fito ba. Ta cika komai ta waya. In tallafin ya fito, za ta kama ɗaki da sunanta a wata unguwa mai nisa, ta jira kotu ko shekara nawa za a yi. In bai fito ba fa? Duk lokacin da na tambaye ta haka sai ta kama gyara wa Amal riga.

Aka ga wata. Kai, wannan azumi! Ni dai na yi azumi a tsakiyar bazara ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin wanda ya shiga ƙashina kamar wannan ba, ƙila don ciki ba komai ne. Tun hantsi duwatsun Makka suke ɗaukar wuta, kafin azahar in kin taɓa ƙarfen matakala sai kin yi salati. Iska ba ta motsi, in ma ta motsa zafi take kawowa. Mukayyif ɗina, na'urar sanyi tun ta zamanin marigayi, ƙara kawai yake yi, kuma ba ma kunna shi sai bayan la'asar saboda tsoron wuta. Ɗakin Safiya kuwa, da kwano a kai, tanda ne. Takan jiƙa zani ta rataya a taga, ta jiƙa wani ta lulluɓe yaran. Kafin ta juya ya bushe.

Ga ruwa ya yi mana wuya. Tankin bene ya ƙafe tun satin farko, sai an jira motar ruwa, ita kuma sai ta ga dama. Da jarkoki muke hawa da shi, ni a gaba ina haki ina tsine wa wanda ya gina matakalar, Safiya a baya tana dariya tana cewa, "Hala, azuminki fa." In ce, "Azumina lafiya lau, wanda ya yi wannan bene ne nasa ya karye."

Sambusa ce ta riƙe mu. Ladi ta san wani mai shago da ke karɓa, sai muka haɗa hannu mu uku. Bayan azahar mu zauna a tsakar ɗakina, ni in kwaɓa fulawa in murza, Ladi ta soya albasa da ɗan abin da ya samu na nama, Safiya ta naɗe. Hannunta na ciwo amma ta fi mu sauri, naɗinta kusurwa uku cif, ba ya buɗewa a mai. Ƙamshin albasa ya cika hanci, maƙogwaro ya bushe har haɗiyar yawu sai an yi niyya. Da la'asar a ɗora mai. Tsayuwa a kan kasko da azumi a wannan zafi, gumi na shiga ido, sai wanda ya yi ya sani. Kafin magariba Ladi ta ɗauki tire ta kai shago, ta dawo da ɗan tamis, burodin nan mai faɗi, da madara in an yi sa'a.

Da muna yara igwa ake bugawa daga kan dutse in rana ta faɗi, mu ruga gida da ihu. A waccan shekarar kiran salla kawai muke kasa kunne mu ji daga masallacin lungu. Dabino uku-uku, ruwan zamzam, shurba, romon hatsin nan, wadda ruwanta ya fi ƙwayarta yawa, sai sambusar da ta fashe a mai, wadda mai shago ba zai karɓa ba. Har addu'a nake yi a raina wasu su fashe. Safiya takan sha ruwa tare da mu, sannan ta hau sama ta dafa wa yaranta 'yar taliya a tukunyarta. Tana shayarwa tana azumi. Na ce ta ajiye, Allah bai ɗora mata ba. Ta ce tana da abin da take roƙo, ba za ta roƙa da cikakken ciki ba.

Ran goma sha uku ga wata saƙo ya shigo wayarta. Jibi da hantsi bahisa za ta zo, wato ma'aikaciyar da ake turowa gida ta ga yadda mutum yake zaune. Abin da ta gani ta rubuta, shi za a bi.

To, a nan ne na yi abin da na yi. Na hau sama na tsaya a bakin ɗakin na duba da idon baƙo: katifa a ƙasa, jarkoki, bokitin wanka, zani jiƙaƙƙe a taga. Sai na ce a raina: Balarabiya, daga gwamnati, ta zo ta tarar da 'yar Marka a nan? Ina! Tun ina ƙarama nake jin ana ce mana Takarna, sunan rainin da ake kiran baƙar fata irinmu, ana toshe hanci in an wuce layinmu. Uwata takan share ƙofar gida sau uku a yini don kada a samu abin faɗa. Kuma mu, in baƙo zai zo, ba a tarbarsa da tsiraicin gida. In ana biki ko suna, ko an yi saukar alhazai daga gida, aro ake yi. Wannan ta kawo labule, waccan ta kawo faranti, a rufa wa juna asiri, baƙo ya tafi a mayar wa kowa kayansa. Haka na tashi na gani, ban san wata hanyar karɓar baƙo ba.

Na hau tasi na tafi unguwar Shisha wurin Balaraba, 'yar kawuna, wadda mijinta ke da shagunan turare. Na dawo da mota cike: kafet ja mai laushi wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, tumtum shida, labule mai ruwan zinari, har da butar gahawa da kofunanta. Gahawa fa, a tsakiyar azumi, da hantsi! Wa zai sha? Oho, ni dai na jera su a kan tire.

Ladi ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa. "Yaya Dije, wannan fa ba baƙuwar biki ba ce. Talauci ta zo gani."

"Ta je ta gani a gidanku. Ni ba a gidana ba."

Safiya ta sauko ta ga ɗakin, a hankali ta ce, "Hala, an ce a bar komai yadda yake. A sama ya kamata ta same ni."

"A sama? A cikin wannan akurkin? Marka ta taso daga kabari ta tambaye ni? Ke kika haife ni ko ni na ga haihuwarki?"

Ta sunkuyar da kai. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa mayar mini da magana ba, na kuwa san da haka. Na sa aka saukar da kayanta aka jera a ɗakina. Na fito da rigunan Sallar da na ɗinka wa yaran daga tsohon leshina, na ce su saka. Sai idona ya faɗa kan hannunta. Ciwon ya warke ya bar tabo mai siffar bakin dutsen guga, ba mai ganinsa bai gane ba. Na kwaɓa lalle da kaina, na zaunar da ita, na zana mata fure a kai, na cike shi tsaf. Tana kallona ina yi, hawaye na zuba, na ɗauka na tuna uwa ne.

Bahisa ta zo kafin azahar. Yarinya ce ba ta wuce sa'ar Safiya ba, gumi ya jiƙa mata niƙabi, da wata faffaɗar waya a hannu. Ta yi sallama da ladabi, ta cire takalmi, ƙafarta ta nutse a kafet ɗin Balaraba. Ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin. Ta dubi labule, ta dubi tumtum, ta dubi yaran cikin leshi, ta ce, "Masha Allah." Wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina.

Ta juya ga Safiya ta tambaye ta da Larabci, "A ina kike kwana?"

Kafin yarinyar ta buɗe baki na ce, "Nan, tare da ni. 'Yata ce."

"'Yarki ta ciki, Hala?"

"Ta fi ta ciki. A nan gidan babu bare."

"Girki fa? Kowa da nasa?"

Ni Dije, a ce 'yar amana tana girki daban a gidana? "Tukunya ɗaya," na ce. "Abin da na ci shi take ci."

"Wa ke ɗaukar nauyin gidan?"

"Ɗana Abdallah, Allah ya yi masa albarka. Yana aiki. Bai taɓa barin mu da yunwa ba."

Tana ta dannawa a wayar. Can ta ɗaga kai ta ce, "Na ga matakala ta wuce sama. Akwai ɗaki a can?" Na ce tarkace ne kawai da tankin ruwa. Sai ta ce, "A nan an rubuta cewa mijin yana dukanta. Akwai takardar asibiti?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Mu ba a tona asirin miji a gaban bare, komai lalacewarsa. Uban 'ya'yanta ne, gobe waɗannan 'yan matan za a zo neman aurensu a tambayi waye ubansu. Kuma ba zan zauna ina kallo a rubuta a takardar gwamnati cewa Takarna na ƙona matansu ba. Na yi dariya na ce, "Saɓani ne irin na mata da miji. Fushi ne ya rubuta wannan, kin san yaran yanzu."

Baiwar Allah nan ba ta yarda da ni ba, na gani a idonta. Ta ce, "Hala, ko za ki ba mu wuri, in yi magana da ita mu biyu?"

"Ba ta ɓoye mini komai. Ni ce uwarta." Na gyara zama a kan tumtum.

Sai ta matsa kusa da Safiya, ta rage murya. "'Yar'uwa, akwai abin da kike so ki nuna mini? Ko mene ne."

Safiya ta dubi hannunta mai lalle. Ta ɗaga shi kaɗan daga cinyarta, na ga ta ɗaga. Sannan ta dube ni. Ido kawai na yi mata, irin wanda uwa ke yi wa 'ya a gaban baƙi. Ta mayar da hannun ta rufe da mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi."

Bahisa ta sake tambaya, ta sake samun amsa ɗaya. Ta miƙo mini wayar na dangwala yatsa a matsayin mai gida. Da za ta fita har na cusa mata ledar sambusa, masu kyau, ba fasassu ba, ta ƙi karɓa. Washegari direban Balaraba ya zo ya naɗe kafet ya kwashe tumtum. Kwana biyu kayan suka yi a gidana.

A goman ƙarshe amsa ta zo. Muna tsakiyar naɗin sambusa wayar ta yi ƙara. Safiya ta goge hannu ta karanta, ta ajiye, ta ɗauki wani fallen ta ci gaba da naɗi. Ladi ce ta ce, "Me aka ce?" Ta ce, "An ce ba ni kaɗai nake ba. Ina cikin gida mai mai ɗauka, kuma aurena yana nan, ba a ga shaidar cuta ba." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ladi ba ta dube ni ba, gara ma da ta zage ni.

Da safe na yafa abaya na hau tasi har ofishin. Na ce wa mutumin da ke bakin ƙofa ƙarya na yi, kafet ɗin na aro ne, a zo a ga ɗakin sama, a wanke lallen a gani. Ya saurare ni da haƙuri ya ce, "Hala, yanzu ba a nan ake yi ba. Ta shigar da ƙorafi ta waya, za a sa mata wata ranar." Yaushe? Bayan Sallah, in sha Allah. Wace rana bayan Sallah? Bai sani ba. Na tsaya a rana na yi ta masifa da Hausa, ba wanda ya ji me nake cewa, kuma ba su ne suka yi mini laifi ba.

Kamar ana jira, kwana biyu bayan haka sai ga kawunnan Mansur su biyu, bayan la'asar, da kwalin dabino, sun zo biko. Wai albarkar wannan wata a yi haƙuri, yaro ya yi nadama, ya yi kuka. Na wanke su tas, na ce su ɗauki dabinonsu su kai wa wanda ya yi kukan. Suka tafi suka bar kwalin a bakin ƙofa. Kuma muka ci, don ba mu da wani.

A satin nan nonon Safiya ya ƙafe, Amal ta yi ta kuka ba dare ba rana. Rahma ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin kwano da azahar, sai da muka zuba mata rabin jarka ta farfaɗo. Mai shago ya ce ya rage karɓar sambusa, mutane sun koma sayayyar Sallah. Ranar jajibiri, muna shan ruwa, na tura wa Rahma kwanon shurbata na ce na ƙoshi. Safiya ta ajiye cokali.

"Hala, kwana tara ke nan kina cewa kin ƙoshi. Ina gani."

"To sai me? Cikinki ne?"

"Gobe zan koma."

Na yi faɗa, na yi roƙo, na ce a jira ƙorafin, na ce in ta fita ban yafe ba. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "In ni kaɗai ce zan jira. Amma kin ga Amal." Ba ta ce ke kika jawo ba. Ba ta faɗa ba a ranar, ba ta taɓa faɗa ba har yau.

Da aka sauko daga Idi Mansur ya zo da mota ya tsaya a bakin lungu, bai ko fito ba. Ta sauko da jakar da na ba ta, yaran cikin leshina. Ta durƙusa ta gaishe ni barka da Sallah, ta riƙe hannuna da hannunta na dama. Lallen ya fara kodewa, bakin tabon ya fara leƙowa ta ƙarƙashin furen. Na kulle ɗakin sama a ranar.

Ƙorafin ba a bi shi ba. Tana shiga gida ya karɓe wayar, yanzu kuwa wadda ba ta da waya a hannunta ba ta da ƙofa. Zaman kotun ma ba ta je ba. Kafin babbar Sallah ta waccan shekarar ya kwaɗa mata mari, kunnenta na hagu ya mutu. Ta ce wa mutane ruwa ne ya shiga. Ladi ce ta jiyo gaskiyar ta kawo mini.

Yanzu gidana ba yunwa. An ƙara wa Abdallah matsayi, ya sa mini sabon mukayyif, har kafet ya saya mini, ja, mai laushi. Na ce ya mayar ya kawo wani launi, ya yi ta mamaki.

Ran bakwai ga watan nan Mansur ya bar ta ta zo mini shan ruwa, karo na farko a bana. Rahma ta yi tsawo, Amal ba ta gane ni ba. Safiya ta rame, amma ta shigo da dariyarta tana cewa, "Hala, har yanzu kina tsine wa matakala?" Ana yayyafi a waje, iska mai sanyi na shigowa ta taga. Muka zauna naɗin sambusa kamar da, naɗinta yana nan kusurwa uku cif. In na yi magana sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya ta ce, "Ta nan gefen, Hala, wancan ba ya aiki."

Shekara huɗu ina ɗauke da magana guda a bakina. Na ce yau kam sai na faɗa. Na tashi kamar zan ɗauko mai, na zagayo, na zauna kusa da ita, tana sunkuye tana naɗi. Na matso bakina na ce, "Safiya, ni na mayar da ke. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta gama naɗe wadda ke hannunta, ta ajiye a tire, ta ɗauki wani fallen. Daga ƙasa Mansur ya fara danna hon, tun ba a kira salla ba.

A gefenta na hagu na zauna. Kuma na san gefen da na zaɓa.